Sai Na Ga Hayaƙi

'Yan tsakin Talatu ne suka dawo min da Iya, shekaru da dama bayan rasuwarta. Talatu ɗaliba ce a ajin kiwon kaji da na buɗe ta waya. A Sabon Birni take, mijinta ya rasu ya bar mata yara. A lokacin ban taɓa ganin fuskarta ba, muryarta kawai na sani, daga saƙon da ta aiko min ranar da ta yi rajista. Ta ce ta sayar da akuyarta, wadda ita kaɗai gare ta, za ta sayi 'yan tsaki, saboda ta ji mata suna cewa ni ba na rowar ilmi. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye ba. Sai da na ajiye wayar nauyin maganar ya sauko min: mace ta kwance akuyarta daga turke a kan maganata. In kajin nan suka mutu, ba ta da abin da za ta koma wa.

Amma kafin in kai ga Talatu, dole in bi ta Durun.

A can na tashi, cikin ƙasar Kabo, a hannun kakata ta wajen uba. Iya muke ce mata, mu da duk yaran unguwa. Kakanninmu masu shanu ne da suka gaji da yawo suka zauna suka kama fartanya, shi ya sa gidanmu bai taɓa rabuwa da ƙwaryar nono da 'yar saniya ɗaya ko biyu a bayan ɗaki ba. Iya gajeriya ce, siririya, haƙoranta sun rine da goro, kuma ba ta tafiya da sauri ko da ruwa ne ya taso. Ni kuwa Allah ya yi ni da garaje. In aka aike ni gaida mara lafiya, daga bakin ƙofa nake gaisuwar, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Da ta ga halin ya ƙi barina sai ta sa min suna Ɗiban-wuta, ta ce ni ko gidan miji na je, sai an tambaye ni ko wuta na zo ɗiba. Ni ma ban bar ta ba, na ce ita kuwa in aka aike ta kiran ungozoma, sai jaririn ya yi wayo kafin ta dawo. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce za ta rama.

Lokacin tatsuniyarmu shi ne bayan an kawo amfanin gona gida, sanyi ya fara shigowa. Da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun da ta tuƙa tuwo, ta ƙara ice ɗaya, ta jawo buhun gyaɗa kusa da ita. Iya ba ta ba da tatsuniya kyauta. Kowa sai ta ɗibar masa gyaɗa a ƙwarya, kunne yana ji hannu yana ɓara. Ɓawon mukan watsa cikin wutar, ya yi ƙara ya tashi da ɗan haske, mu ga fuskokin juna na ɗan lokaci. Har yau in na ji ƙaurin ɓawon gyaɗa a wuta, sai in ji kamar zan waiwaya in gan ta a kan 'yar kujerarta.

Tana da yadda take buɗewa. Sai ta ƙwanƙwasa bayan ƙwarya da yatsa, ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa. A shigo da ita, ko ta kwana a waje?" Mu ce a shigo da ita. In ta lura wani bai amsa ba, sai ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ta ce baƙuwarta ba ta shiga gidan da ake mata rowar murya. Amma dokar da ta fi ci min rai ita ce ta biyu. Iya ba ta fara sabuwar tatsuniya sai wani a cikinmu ya maimaita ta jiya da bakinsa. Ita ke zaɓen mai maimaitawar, kuma yawanci wanda ya fi kowa gyaɗa kai jiya shi take nunawa. In ya kakare, ba ta faɗa ba ta duka, sai ta sake ba da ta jiyan daga farko. Ni da nake ƙagare in ji sabuwa, sai in yi ta hura hanci ina hararar wanda ya ja mana.

Akwai wata ɗabi'arta kuma ta safiya. A zamanin ba kowane gida ke da ashana kullum ba, sai a aiko yaro da tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, ya ɗebi garwashi a maƙwabta. Gidanmu aka fi zuwa, don murhun Iya ba ya mutuwa. Da dare takan binne gungumen da bai cinye ba cikin toka, da safe ta tone shi ja wur. In ta zuba wa yaro garwashi sai ta ɗora masa totuwar masara ko busasshen kashin shanu a kai, don kada ya mutu a hanya. Daga nan sai ta bar duk abin da take yi, ta je jikin danga ta tsaya tana kallon wajen gidan da aka kai. Wani lokaci kokonta yana kan wuta yana neman kamawa, ita tana can tsaye. Na taɓa ce mata, ai ta riga ta ba su, mene ne nata kuma a ciki?

"Ban ba su ba tukuna," in ji ta. "Sai na ga hayaƙi."

Na ɗauka gulma ce irin ta tsofaffi. Da daren ranar ne ta rama tsokanar da na yi mata, ta ce yau baƙuwar tawa ce, takanas ta zo wajena.

Ta ce an yi wani gari da aka kwana ana ruwa, aka wuni ana ruwa, har wutar kowane gida ta mutu. Babu tuwo, babu kunu, yara suna ta kuka. Wuri ɗaya ne wuta ta rage, a maƙera, can ƙarƙashin toka. Maƙerin yana da 'ya'ya mata biyu. Ya zuga wutar ta tashi, ya cika wa kowacce kasko da garwashi, ya ce babbar ta bi gabas, ƙaramar ta bi yamma, kada su bar gida ko ɗaya.

Babbar mai zafin nama ce. A nan Iya ta dube ni ta gefen ido, yara suka fashe da dariya. Ta ce yarinyar nan sai ta zuba a guje, in ta zo ƙofar gida ta yi sallama, ta juye garwashi a tsingaron masu gida, su ce mata sun gode, Allah ya yi albarka, ta wuce gaba. Kafin rana ta take ta gama gabas kaf, ta dawo ta kwanta a inuwa tana kaɗa ƙafa, kunnuwanta cike da godiya.

Ƙaramar kuwa gidan farko da ta shiga ta tarar icensu a jiƙe sharkaf. Ta durƙusa ta hura, ya ƙi. Ta tashi ta sa hannu ƙarƙashin jinka ta zaro busasshiyar ciyawa, ta nemi ƙirare, ta sake durƙusawa. A nan Iya kan rera waƙar da muke amsawa, tana cewa hura, hura, 'yar maƙeri, mu kuma mu ce ice jiƙe, ciki da yunwa. Sai mun yi ta sau da yawa, muna hura wutar gabanmu da gaske har toka ta tashi ta shiga idon wani. Yarinyar ba ta bar gidan ba sai da wuta ta kama, ta fita waje ta ɗaga kai ta ga hayaƙi yana fita ta saman ɗaki. Haka ta yi a gida na biyu, haka a na uku. Rana ta faɗi ba ta yi nisa ba, ta dawo da jajayen idanu da toka a gashinta, yayarta tana mata dariya.

Da magariba maƙeri ya hau kan rumbu ya duba gari. Gabas shiru, ko zare ɗaya na hayaƙi babu. Yamma kuwa hayaƙi ko'ina, har gidajen da ƙaramar ba ta taka ba, don wanda tasa ta kama, maƙwabcinsa ya zo ya ɗiba a wajensa. Mutanen gabas suka kwana da yunwa.

Ban yarda ba. Na ce ai laifin mutanen gabas ne, me ya sa suka ce sun gode alhali wutar ba ta kama ba? Me ya hana su kira yarinyar su ce wutar ta mutu? Iya ta jefa ƙwayar gyaɗa a baki, ta tauna a hankali kafin ta ba ni amsa.

"Ke Ɗiban-wuta, wa kika taɓa gani ya bi mai kyauta ya ce masa kyautarsa ta mutu? Kunya ba ta bari. Godiya za su yi miki, su shiga ɗaki su kwanta da yunwarsu."

Sannan ta kife ƙwaryarta, ta ce baƙuwa ta yi sallama ta tafi, wanda ya riƙe mata kaya ya riƙe. Washegari ni ta nuna in maimaita, kuma na maimaita tsaf, sai dai na ƙara wa babbar 'yan gidaje don in fanshe ta.

Na girma, na yi karatun aikin gona, aure ya kawo ni Unguwar Tudu a Gwarzo. Kiwon kajin gidan gona ya karɓe ni, har mata suka riƙa sallama suna tambaya: me ake ba su, yaushe ake rigakafi, me ya sa nasu ke mutuwa nawa suna rayuwa. Bakina ya gaji da maimaita abu ɗaya, wasu kuma suna nesa, ba su da halin zuwa. Shi ne na yanke shawarar in haɗa komai in mai da shi aji ta waya.

Na sha wuyar haɗa shi, kuma ina alfahari da wuyar. Na zauna na raba darussa: gyaran ɗaki da shimfiɗa ƙaiƙayin shinkafa, ɗumama 'yan tsaki da kaskon gawayi, iska da haske, ruwa da abinci, rigakafi, har zuwa sayarwa. Na jingina waya a kan buhun dusa na fara ɗaukar bidiyo. In na fara magana injin niƙan maƙwabta ya tashi, in injin ya yi shiru zakarana ya ce shi ma malami ne. Wani darasin na ɗauke shi ya fi a ƙirga, don ban saba magana da abin da ba ya amsa min ba. Ɗora bidiyoyin kuma sai na je bakin titi inda sabis ya fi ƙarfi. Da na gama sai na buɗe guruf a waya, na sanar a wajen biki da islamiyya, mata suka yi rajista daga Gwarzo, daga Kabo, har da wasu garuruwan da ban taɓa zuwa ba.

Ranar buɗewa wayata ba ta huta ba. Addu'o'i suka yi ta shigowa, Allah ya ƙara basira, Allah ya ji ƙan mahaifa. Na saki darussan farko gaba ɗaya don kada in ja wa kowa rai. Duk lokacin da na tambaya ko an gane, sai amsa ta zubo: mun gane, Malama, mun gode. Talatu ma ta aiko da tata, ta ƙara da cewa 'yan tsakinta sun iso lafiya. Bayan 'yan kwanaki na shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiyar tsakar gida na miƙe ƙafa, zuciyata fari ƙal.

Ina nan kwance ina sake karanta godiyar mutane, sai na ga ƙafata tana kaɗawa. Wallahi abin da ya tashe ni ke nan. Na dubi ƙafar, na dubi inuwar, na ji muryar Iya kamar tana bayan danga. Godiya ce cike da kunnena, amma ban ga hayaƙin kowa ba.

Nan take na yi saƙon murya a guruf. Na ce na ji godiya, Allah ya bar zumunci, amma ina son duk wadda ta zuba 'yan tsaki ta ɗauko min hoton ɗakin yadda yake yanzu, kada ta gyara komai. Hotuna suka fara shigowa. Wata ta sa mazubin ruwa da zurfi, wata ta cika 'yan tsakin a kwali, na yi ta gyara. Na Talatu ne bai zo ba. Na kira, wayar a kashe. Na sake kira bayan azahar, haka. Wata zuciyar ta ce caji ne ya ƙare mata, in bari zuwa gobe. Amma akuyar nan ta tsaya min a rai. Na sami baban yara na ce ya taimaka ya kai ni Sabon Birni a babur. Ya ce ashe ajin waya ma ana zuwa da ƙafa? Na ce wannan dai ana zuwa.

Da tambaya muka sami gidan. Talatu ta fito, doguwa, ba ta kai shekaruna ba, ta rikice da ganina. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta shiga gaisuwa: ya hanya, ya gida, ya yara, ya ɗalibai. Na tambaye ta ya kaji, ta ce alhamdu lillahi, idonta a ƙasa. Ranar ce kaɗai garajena ya yi min rana. Na katse gaisuwar, na ce ta yafe min, ta nuna min ɗakin.

Tana buɗe ƙofa zafi ya buge ni a fuska. Ta toshe taga da tsumma, ta rufe ƙofa da buhunan taki, ta sa kaskon gawayi har biyu a ɗan ƙaramin ɗaki. 'Yan tsakin duk sun gudu jikin bango, baki buɗe, fukafukai a saki, suna haki. Wasu sun riga sun mutu, ta tara su a kusurwa ta rufe da leda. Ban tsaya magana ba. Na fizge tsumman taga, na ce ta fitar da kasko ɗaya, muka yaye buhunan, muka canja musu ruwa. Waɗanda suka galabaita muka riƙa ɗaukarsu ɗaya ɗaya muna tsoma musu baki a ruwa. Muna nan durƙushe har suka fara barin bango suna yawo a tsakiyar ɗaki, suna tsattsagar abinci.

Sai a lokacin na ji yadda aka yi. Darasin ɗumamawa ta kalla, ta ji na ce sanyi shi ne babban makashin ɗan tsako. Na gaba, wanda na yi bayanin iska da yadda ake gane zafi ya yi yawa, ya ƙi saukowa a wayarta. Bidiyon ya yi mata nauyi, data ta ƙare, wayar ma ta mutu tana wajen mai caji. Da ta ga sun fara mutuwa sai ta ɗauka sanyin ne, ta ƙara wuta. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa min ba tun ranar farko.

"Malama, kin sha wahala kin yi mana," in ji ta. "Kowa yana cewa ya gane. Ni kaɗai zan tashi in ce nawa ya ƙi buɗewa? Sai ya zama kamar na raina ƙoƙarinki."

Tausayinta ya kama ni, kewar Iya ta taso min a lokaci guda, har na juya na yi kamar ina duba taga don kada ta ga idona. Ban bar gidan ba sai da na sa ta faɗa min da bakinta: in sun cure a jikin kasko me ke nan, in sun gudu bango me ke nan, in sun bazu suna ci me ke nan. Ta faɗa, ta kuskure ɗaya, muka sake daga farko.

Da na dawo gida na warware ajin na sake ɗinka shi. Dogayen bidiyoyin nan da nake taƙama da su na yayyanka su ƙanana, kowane darasi kuma na yi masa saƙon murya da hoto mara nauyi, yadda ko ƙaramar waya za ta ɗauka. Na daina tambayar ko an gane. Na kafa dokar Iya: ba sabon darasi sai na zaɓi wasu sun maimaita na jiya da muryarsu, sun nuna min ɗakin kajinsu. Masu garaje irina suka yi ƙorafi, wata ta ce ana ja musu rai saboda wasu. Na gane ta sarai, har na ji kamar in aika mata da ƙwaryar gyaɗa. Ajin ya rage sauri, wasu kaɗan suka fita, ban bi su ba.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan a kan sauri da nawa take, kuma Iya ta shirya ta ne don ta ci min fuska a gaban yara. Yanzu na san ba saurin babbar ne laifinta ba. Ta ɗauki godiya a matsayin shaida, alhali mutanenmu suna godiya ko sun samu ko ba su samu ba, don tarbiyyarsu ke nan. Tsayuwar Iya a jikin danga ma da na kira gulma, ƙauna ce. Ta san maƙwabciyarta ba za ta taɓa aiko yaro sau biyu a safiya ɗaya ba. Na so a ce tana raye in gaya mata na gane, ko da yake na san abin da za ta ce: in maimaita mata tukuna.

Mafi yawan kajin Talatu sun rayu. Sun yi gashi, sun yi nauyi, ta sayar, ta zuba wasu. Da na buɗe aji na biyu na bar tsofaffin ɗalibai a guruf ɗin. Wata rana da hantsi ina tankaɗe, wata sabuwar ɗaliba daga Kabo ta aiko da hoto, ta ce 'yan tsakinta sun ƙi zama kusa da wuta, ko ta ƙara gawayi? Hannuna duk gari, na tsaya neman abin gogewa. Kafin in ɗauki wayar wani saƙon murya ya riga ni shiga. Talatu ce, ana jin kukan kaji a bayanta.

"'Yar uwa, kada ki ƙara. Zafi ne ya yi musu yawa. Buɗe taga yanzu, ki rage wutar, ki ba su ruwa. In kin yi, ki ɗauko hoto ki turo, ina nan ina jira. Kada ki ce min kin gode, ki nuna min su tukuna."

Na saurara har ƙarshe, na sake saurara. Ban ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Na ajiye wayar a kan turmi, na ce a raina, Iya, na ga hayaƙi, har a gidan da ban shiga ba. Sannan na koma kan tankaɗena.